Filin Amsoshinku: Red Star, jan tauraro mai koriyar riga

Jama'a, assalamu alaikum. Makonni biyu da suka wuce, cikin amsar da na ba wani ɗan'uwa kan asalin Kofin Duniya, na ambaci wata ƙungiyar Faransa mai suna Red Star, na ce mutumin da ya assasa Kofin Duniya shi ne ya kafa ta. Jimla ɗaya ce tak, amma saƙonnin da ta jawo sun rinjayi na Barcelona da Arsenal da kuka saba cika mana akwati da su. Don haka na ware filin wannan makon domin ta. Masu tambaya kan wasu batutuwa ku yi min afuwa, saƙonninku suna nan a ajiye.

Tambaya: Malam, ina da gidan kallo a Maraɗi. Wani yaro ya nuna mana guntun wasa a waya, wata ƙungiya wai Red Star tana buga Ligue 2 da koriyar riga. Nan take gardama ta kaure, wasu suka ce ai ita ce ta Sabiya da ta taɓa cin kofin Turai. Ka raba mana.
Daga mai gidan kallo, Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaya wa jama'arka suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta Sabiya a Belgrade take, an kafa ta a 1945, ja da fari take sawa, kuma ita ce ta ɗauki kofin Turai a 1991 bayan ta doke Marseille a bugun fenareti. Ta Faransa ta girme ta da shekara 48. Ran 21 ga Fabrairu 1897 aka kafa ta, a wani gidan shan gahawa cikin birnin Paris. A lokacin ba a haifi Barcelona ba, ba a haifi Real Madrid ba, PSG kuwa da ake ta yayi yanzu sai a 1970 ta zo duniya.

Wanda ya jagoranci kafa ta shi ne Jules Rimet, tare da ƙanensa Modeste da wasu abokansu. Ɗan mai kantin kayan masarufi ne, kuma shekararsa 23 kacal a lokacin. A Faransa ta wancan zamanin, wasanni harkar 'ya'yan masu hali ce, ɗaliban manyan makarantu da Turawan Ingila mazauna Paris. Shi kuwa Rimet so yake a sami ƙungiyar da ɗan lebura zai shiga ba tare da an tambaye shi waye ubansa ba. Wannan saurayin ne ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa a 1919, ya zama shugaban FIFA a 1921, ya riƙe ta shekara 33 har zuwa 1954. Shi ne ya ɗauki kofin ya hau jirgin ruwa da shi zuwa Yurugai a 1930 domin gasar farko, kuma daga 1946 sunansa kofin ya riƙa amsawa har Birazil ta mallake shi a 1970.

Ma'anar sunan jan tauraro ne. Labarin da ya fi yawo shi ne wata Baturiyar Ingila mai aiki a gidan su Rimet ce ta ba da shawararsa, ta aro shi daga wani kamfanin jiragen ruwa mai suna Red Star Line. Mutane da yawa suna zaton daga 'yan kwaminis aka samo shi, amma ka lissafa da kanka: sunan ya riga juyin juya halin Rasha na 1917 da shekara 20. Abin da ya ƙara ɗaure wannan zato shi ne garin da ƙungiyar ta koma a 1909, wato Saint-Ouen da ke manne da Paris ta arewa, garin ma'aikatan masana'antu ne, kuma 'yan kwaminis sun daɗe suna riƙe da kujerar magajin garinsa.

Koriyar riga kuma gado ce ta aure. Da fari shuɗi da fari suke sawa. A 1926 suka haɗe da wata ƙungiya mai suna Olympique de Paris, suka ɗauki launinta, kore da fari, tauraron da ke ƙirji ne kaɗai ya tsaya a ja.

Kada ka yi mata kallon ƙaramar ƙungiya saboda rukunin da kuka gan ta. Sau biyar ta ɗaga Coupe de France, kofin ƙalubale na ƙasar. Uku a jere ta ci, 1921 da 1922 da 1923, da golanta Pierre Chayriguès wanda shi ne babban golan Faransa na zamanin, sannan ta ƙara a 1928 da 1942. Tana kuma cikin ƙungiyoyin da aka buɗe gasar ƙwararru ta Faransa da su a 1932.

Tambaya: Ranka ya daɗe, in har ƙungiya tana da kofi biyar, kuma shugaban FIFA ne ya kafa ta, me ya jefa ta cikin 'yan dagaji? Rashin iya ƙwallo ne ko rashin kuɗi?
Daga wani malamin firamare, Zariya

Amsa: Malam, duka biyun, amma rashin kuɗi ne ya fi yi mata illa. Bari in fara nuna maka tsanin, domin sai ka san tsawonsa za ka gane zurfin ramin da ta faɗa. A sama akwai Ligue 1, sai Ligue 2, kowace da ƙungiya 18 a kakar 2024-25. Ƙasa da su a wannan kakar akwai National, sai National 2, sai National 3, daga nan sai gasannin larduna, inda ɗan wasa zai tashi daga wurin aikinsa da yamma ya wuce atisaye.

A Faransa kuma ba a fili kaɗai ake faɗuwa ba. Akwai wata hukuma da ake kira DNCG, aikinta duba littafin kuɗin kowace ƙungiya. In ta ga bashi ya fi ƙarfinka kuma ba ka kawo hujjar yadda za ka biya albashi ba, za ta iya saukar da kai rukuni ɗaya ko biyu ko da kai ne na biyar a tebur. Mutanen Nijar za su tuna Bordeaux, inda Moussa Maazou ya taɓa taka leda, inda kuma Zidane ya yi suna kafin ya tafi Juventus. Sau shida ta ci gasar Faransa, amma a 2024 matsalar kuɗi ta kai ta National 2, rukuni na huɗu. Ni dai ina ganin wannan tsari yana da zafi amma yana da amfani, domin ya rage abin da muka sani a wasu wurare, inda ɗan wasa zai yi wata biyar yana bin albashi kuma ba wanda zai ce uffan.

Red Star ta ɗanɗani wannan tun kafin a haifi yawancin masu karanta mu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta kai wasan ƙarshe na kofi a 1946, Lille ta doke ta 4-2, daga nan sai hawa da gangara. A 1948 aka haɗa ta da Stade Français, auren bai yi ƙarko ba, aka rabu bayan shekara biyu. A 1967 aka yi wani abin da har yau mutanen kudancin Faransa suke tunawa da ɗaci: mai ƙungiyar Toulouse ta wancan lokacin ya haɗe ta da Red Star, 'yan wasa da gurbin rukuni na ɗaya duk suka tashi daga Toulouse suka koma Saint-Ouen, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Gurbin da aka samu ta wannan hanya bai zauna ba. Kakar 1974-75 ita ce ta ƙarshe da Red Star ta buga a rukunin farko, duk da tana da manyan sunaye irin su Nestor Combin da Roger Magnusson, waɗanda ƙarfinsu ya riga ya fara ja da baya. Yau sama da shekara 50 ke nan.

A 1978 ta karye, aka mayar da ita gasar lardi. Ta sake hawowa sannu a hankali har ta zauna a rukuni na biyu kusan duk shekarun 1990. A 1999 ta faɗa National. A 2000, tana wannan rukuni na uku, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Coupe de la Ligue, wani kofin ƙalubale na daban, Gueugnon ta cire ta a bugun fenareti. Shekara uku bayan haka, a 2003, ta sake karyewa, ta tsinci kanta a rukuni na shida. Ka yi tunanin ƙungiyar da ta ɗaga kofin ƙasa sau biyar tana zagaya filayen unguwanni tana karawa da 'yan sa-kai.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinta shi ne abin da ya faru da ta farfaɗo. A 2015 ta ci National ta hau Ligue 2, sai hukuma ta ce filinta ya tsufa, bai cika sharaɗi ba. Aka tura ta Beauvais, fiye da kilomita 70 daga gida, can take karɓar baƙi. Duk da haka ta ƙare ta biyar a kakar farko. Kaka ta biyu aka kai ta filin Jean-Bouin, maƙwabcin filin PSG, ta faɗi. Ta sake cin National a 2018, aka sake tura ta Beauvais, ta sake faɗuwa a 2019. Wato duk lokacin da ta yi nasara, ladanta shi ne a raba ta da unguwarta. Da yawa daga cikin magoya bayanta na gindi ba su bi ta can ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai a 2024, da ta sake cin National, aka bar ta ta buga Ligue 2 a gidanta saboda an fara sabunta filin, kuma a wannan karon ta tsira a kakarta ta farko.

Tambaya: Baba, ni ɗalibar tarihi ce. Na ga ana kiran filinsu Stade Bauer, kuma na ga hoton wani saurayi a tutocin 'yan kallo an rubuta Rino. Su waye waɗannan? Ko 'yan wasa ne?
Daga wata ɗaliba, Kano

Amsa: 'Yata, kin yi tambayar da na fi so a cikin duka, domin nan ne zuciyar ƙungiyar take.

Bauer likita ne, ba ɗan ƙwallo ba. Jean-Claude Bauer yana duba marasa lafiya a Saint-Ouen lokacin da sojojin Hitler suka mamaye Faransa a 1940. Ya shiga cikin masu gwagwarmayar ɓoye, aka kama shi, Jamusawa suka harbe shi a 1942 a sansanin Mont-Valérien da ke yammacin Paris. Bayan yaƙi aka sa wa titin da filin yake sunansa, sannu a hankali filin ma, wanda da ake kira Stade de Paris, ya ɗauki sunan.

Rino kuwa ɗan wasa ne. Cikakken sunansa Rino Della Negra, iyayensa baƙi ne 'yan ci-rani daga Italiya, ya tashi a Argenteuil, yana aiki a masana'anta yana kuma buga ƙwallo ta gefen dama. Da Jamusawa suka fara kwasar samarin Faransa zuwa aikin dole a ƙasarsu, sai ya ƙi tafiya, ya shiga rundunar ɓoye ta Missak Manouchian, wadda yawancin mutanenta baƙi ne, Armeniyawa da Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai da Sifaniyawa. Bai daɗe da sa hannu a Red Star ba aka kama shi a watan Nuwamba 1943. Ran 21 ga Fabrairu 1944 aka harbe shi da abokan gwagwarmayarsa, a Mont-Valérien ɗin nan da aka kashe likita Bauer. Shekararsa 20. Ki duba kwanan watan da kyau, ranar ce ƙungiyar ta cika shekara 47 da kafuwa. A wasiƙar ƙarshe da ya rubuta wa ƙanensa kafin a fitar da shi, cikin mutanen da ya ce a isar musu da gaisuwa da ban kwana har da dukkan jama'ar Red Star. Ɓangaren da magoya baya masu waƙa da ganga suke tsayawa sunansa yake amsawa, kuma duk watan Fabrairu suna taruwa su tuna da shi. A 2024, shekara 80 cif bayan kisan, gwamnatin Faransa ta kai gawar Manouchian ginin Panthéon inda ake ajiye gwarazan ƙasa, aka rubuta sunayen abokansa a bango, har da na Rino.

Gani ya kori ji, ni na taɓa shiga filin nan sau ɗaya, kafin a fara rushe tsofaffin rumfunansa, lokacin suna National. Ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Saint-Denis ne ya kai ni, wata Juma'a da daddare cikin hunturu. Muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Porte de Clignancourt, muka ratsa ta gefen babbar kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, rumfunan tsofaffin kujeru da agogo da riguna duk an ja ƙofofinsu. Ina ta baza ido in hango wani ƙaton gini kamar Stade de France, babban filin wasan ƙasar, sai kawai ya tsaya ya ce mun iso. Katanga ce a tsakiyar gidajen mutane, ga gidan gahawa a tsallaken titi cike da masu koren mayafi a wuya, ga hayaƙin masu gasa merguez, wani jan nama mai yaji da mutanen Aljeriya da Maroko suka kawo ƙasar.

A ciki, rufin kwano ne bisa ginshiƙan ƙarfe, kuma mutum 3,000 ko ƙasa da haka aka yarda su shiga a lokacin. Bayan raga ɗaya babu rumfar 'yan kallo sam, sai wani dogon bene na haya mai siffar tsani, kuma da idona na ga wata mata ta fito barandarta da kofi a hannu, ta jingina da ƙarfe ta kalli rabin lokaci, sanyi ya kore ta ta koma ciki. Kusa da ni akwai wani dattijo Bature da jikarsa, gabana samari 'yan asalin Mali suna hira da Bambaranci, a gefe wani Balarabe yana ta kiran 'yan wasa da sunayensu na yanka kamar 'ya'yan maƙwabtansa. Filin ya matsu har kana jin ƙarar takalmi a kan ƙwallo da muryar gola yana tsawata wa 'yan bayansa. Sakamakon wasan ya ɓace min, amma ina tuna cewa bayan an tashi 'yan wasan sun tako har gaban ɓangaren Rino, suka tsaya suna tafi, aka daɗe ana waƙa. Tun daga wannan daren nake duba sakamakonsu duk mako.

Tambaya: Yaya, mu dai 'yan wasa muke son ji. Wa da wa suka buga mata, kuma su waye a ciki yanzu? Akwai 'yan Afirka?
Daga wani matashi, Agadas

Amsa: Ƙanena, bari in faro maka daga na da. Guillermo Stábile ɗan Ajantina, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya na farko da ƙwallo 8, a Red Star ya ƙare wasansa tsakanin 1936 da 1939, yana bugawa yana kuma horarwa. Helenio Herrera, wanda daga baya ya ci wa Inter Milan kofin Turai a 1964 da 1965 a matsayin koci, ɗan bayan Red Star ne a shekarun da ta ci kofin 1942. Roger Lemerre, da ya ci wa Faransa kofin Turai a 2000 ya kuma ci wa Tunisiya kofin Afirka a 2004, a nan ya fara aikin koci a 1975. Safet Sušić, gwanin PSG na shekarun 1980, nan ya zo ya rataye takalmi. Steve Marlet kuwa a nan ya tashi, ya je Auxerre da Lyon da Fulham da Marseille, ya buga wa Faransa, sannan ya dawo gida ya ƙare, ya kuma ci gaba da yi wa ƙungiyar aiki.

Arzikin Red Star na gaske yaran unguwa ne. Lardin da take, Seine-Saint-Denis, wanda ake yi wa laƙabi da lambarsa 93, yana cikin mafi talauci a Faransa, cike yake da 'ya'yan baƙi daga Afirka, kuma ƙwallo a wurin kamar ruwan sha ne. Moussa Sissoko, da Abou Diaby na Arsenal, da Alex Song ɗan Kamaru, da Sofiane Feghouli ɗan Aljeriya, duk sun ratsa ta ƙungiyoyin yaranta. Sai dai abin takaicin shi ne, yaro yana kai shekara 12 ko 13 manyan ƙungiyoyi masu makarantun horo za su zo su ɗauke shi, Red Star ta yi shuka wasu su girbe.

Game da na yanzu, ka riƙe wannan: a waɗannan rukunai kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ake yi, kuma kusan rabin 'yan wasa suna canzawa duk bazara, saboda haka duk jerin sunayen da na ba ka yau zai iya tsufa kafin mujallar nan ta iso Agadas. Abin da ba ya canzawa shi ne irin mutanen da ake haɗawa. Za ka sami yaran da manyan makarantu suka sallama suna neman dama ta biyu. Za ka sami 'yan aro daga Ligue 1 da aka turo su ƙara gogewa. Za ka sami waɗanda suka yi shekaru a gasannin 'yan sa-kai sai da suka haura 25 kafin su taɓa sa hannu a takardar ƙwararru. Sannan dole a sami dattijo ɗaya ko biyu, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Tawagar da ta ci National a 2024 misali ce mai kyau. Kocinta Habib Beye ne, tsohon kyaftin ɗin Marseille, wanda ya buga a Newcastle da Aston Villa, yana kuma cikin tawagar Sanagal da ta girgiza duniya a 2002. Ya karɓi ƙungiyar a 2021 yana kuma sharhin wasanni a talabijin, ya kai ta ta uku a 2023, tazara kaɗan ta hana su hawa, ya dawo ya ci gasar a shekarar da ta biyo. Dattijon tsakiyar fili shi ne Cheikh N'Doye, dogon Basanagale da ya buga a Angers da Birmingham ya kuma je Kofin Duniya na 2018, ya zo Red Star a 2020 shekarunsa sun haura 34. A gefe akwai Damien Durand, ɗan gajere mai saurin tsiya, wanda shi daga ƙananan rukunai ya taso. Bayan hawan, Beye ya tafi, daga baya ya karɓi Rennes, aka kawo Grégory Poirier wanda shi ma ya hau da Martigues a wannan shekarar, aka kuma ɗauko Aliou Badji, ɗan gaban Sanagal da ya taɓa bugawa Al Ahly ta Masar. Ka kuma tuna Naïm Sliti na Tunisiya: daga Red Star ya tafi Lille a 2016, bayan shekara biyu yana Kofin Duniya.

Tambaya: Wai gaskiya ne Amurkawa sun saye ta?
Daga wani mai karatu, Kumasi

Amsa: Gaskiya ne. A 2022 wani kamfanin zuba jari na birnin Miami mai suna 777 Partners ya saye ta daga hannun Patrice Haddad, wanda yake shugabanta tun 2008. Kamfanin yana da hannu a Genoa ta Italiya, da Standard Liège ta Beljiyam, da Vasco da Gama ta Birazil, daga baya da Hertha Berlin. Magoya baya suka ce ba su yarda ba, har suka sa aka dakatar da wani wasa a Bauer ta hanyar jefa abubuwa masu hayaƙi cikin fili. Hujjarsu ita ce ƙungiyar Rimet da Rino ba haja ba ce da za a jera a kanta ɗaya da wasu, ana tura 'yan wasa daga wannan zuwa waccan. An yi musu kallon masu taurin kai a lokacin. Amma a 2024 kamfanin ya kasa kammala sayen Everton, ƙararraki suka yi masa yawa a kotunan Amurka, harkokinsa suka rushe, ƙungiyoyin suka fita daga hannunsa. Jefa abu cikin fili ban goyi bayansa ba, amma tsoron da suka ji ya tabbata.

Tambaya: Malam, ina neman shawara. Ɗan yayana shekararsa 16, yana da ƙafa sosai. Wani mutum ya zo ya ce zai kai shi gwaji wata ƙungiyar rukuni na uku a Faransa, ya nuna mana takarda mai tambari, ya ce mu kawo kuɗin biza da jirgi da na rajista. Har an fara maganar sayar da gona. Ya ce ai Kanté ma daga irin waɗannan ƙungiyoyi ya fito.
Daga wani bawan Allah, Katsina

Amsa: Alhaji, don Allah a dakata da maganar gonar nan tukuna. Abin da ya faɗa game da Kanté gaskiya ne, N'Golo Kanté ya buga National da Boulogne kafin ya je Caen, ya je Leicester. Amma a Paris aka haifi Kanté, a unguwarsu ya taso yana buga wa ƙaramar ƙungiyar Suresnes, ba wanda ya sayar da gona ya sa shi a jirgi.

Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa wata domin ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Yaronku ɗan 16 da ke Katsina bai shiga ciki ba. Ko da ya burge su a gwaji, ba su da ikon yi masa rajista. Sannan ka yi la'akari da abin da na gaya wa ƙanenmu na Agadas: ƙungiya irin Red Star tana zaune ne a tsakiyar dubban yara masu ƙafa, waɗanda za su zo atisaye da kuɗin bas. Ƙungiyoyin rukuni na uku kuɗinsu ƙalilan ne, DNCG na bin diddigin kowane kwabo. In har da gaske ƙungiya tana son yaro daga Afirka, ita ce take ɗaukar nauyin zuwansa, kuma yawanci ta hanyar makarantar ƙwallo ko ƙungiyar da yake yi wa wasa take bi, kamar yadda Metz take ɗauko yara daga Génération Foot ta Dakar, hanyar da Sadio Mané ya bi.

Ɗan'uwan nan nawa na Saint-Denis ya nuna min irin waɗannan yara da idona, a wani filin unguwa, suna atisaye su kaɗai da safe cikin sanyi. An kawo su da biza ta 'yan makonni, wanda ya kawo su ya ajiye su a otal ya kashe waya, biza ta ƙare, kunya ta hana su komawa gida saboda an san abin da aka sayar.

Ga abin da za ka yi kafin ka ba da ko naira ɗaya. Ka nemi cikakken sunan mutumin da lambar lasisinsa, domin FIFA tana wallafa sunayen wakilan 'yan wasa masu lasisi a shafinta na intanet, kowa zai iya dubawa. Ka sa wanda ya iya Faransanci ya rubuta wa ƙungiyar kai tsaye, ta adireshin da ke shafinta, ba ta lambar da ke jikin takardar ba, a haɗa da hoton takardar a tambaye su ko daga wurinsu ta fito. Ka kuma kai takardar ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharku su gani. In mutumin ya ce lokaci ya ƙure, sai an biya a wannan makon, to ka riƙe kuɗinka. Shi kuma yaron a nema masa ƙungiya mai rajista a nan gida ya ci gaba da wasa da karatunsa har ya cika 18. In ƙungiyar ta amsa muku, ka turo min amsar ta adireshin mujalla, zan karanta maka ita.